Funfunar Tsohon Rumbu

Shekara biyu Halliru na Tozai bai riƙe fartanya ba, ciwon gaɓoɓi ya nannaɗe masa yatsu. Sai da aka fara yi masa wata allura a Sakkwato sannan suka miƙe. Likita ya yi wa matarsa Mairama bayani: garkuwar jikinsa ce ke yaƙar gaɓoɓinsa, allurar tana kwantar da ita, don haka a raba shi da masu tari.

Mairama kuwa ba a ba ta aiki ta yi rabi. Ta hana shi zaman majalisa, ta ware masa kofinsa. Ƙanensa Atiku ma da ya zo gaisuwa da mura, a bakin zaure ta tsayar da shi. Babu wanda ba ta ɓata da shi ba a garin.

Sai ruwa ya ɗauke tun gero bai fid da kai ba. Kafin bazara hatsi ya ƙare, saura tsohon rumbun mahaifin Halliru da aka liƙe da laka shekara huɗu saboda irin wannan rana. A gidansu mace ba ta shiga rumbu, baƙo kuma ba ya leƙa shi, kada asirin gida ya fita.

"Malam, hannuwanka sun warke," in ji ta. "Shiga ka hiddo muna abin da za mu ci."

Yini guda ya yi a ciki yana ɓamɓaro damman da yoyo ya taɓa jiƙawa, funfuna ta mayar da su baƙi ƙirin. Ya fito yana atishawa yana dariya.

Bayan mako uku tari ya kama shi, har da jini. Wata biyu yana shan maganin tarin tibi a banza. Da aka koma Sakkwato aka ɗauki hoton ƙirjinsa, likita ya ce funfuna ce ta tsiro masa a huhu. Mai lafiya zai shaƙa jikinsa ya kashe ta, shi kuwa ta tarar da ƙofa a buɗe.

"Ai bai kamata ya kusanci ruɓaɓɓen hatsi ba," in ji likitan. "Yana rubuce a takardar maganin."

Ran Mairama ya ɓaci.

"Da Turanci? Likita, manomi ka gani gabanka, kac ce masu tari. Mi kaka zaton muna shaƙa Tozai? Na kore mai ɗan'uwa, na kore mai abokai, sannan ni da bakina nit tura shi ciki. Kalma guda ta ishe ni, ba ka hwaɗi ba."

Likita ya sunkuyar da kai. Ya ce dole a dakatar da allurar sai huhu ya warke, yatsun kuma za su koma yadda suke.

Halliru ya ɗaga hannuwansa daga kan gado, ya buɗe su, ya rufe.

"Za su kai shuka?" ya tambaya.

Likita ya juya zai fita. Mairama ta tsaya a kansa ta ce ba inda za shi sai ya ba Halliru amsa da Hausa.