Kifin da Almu Ya Saka

Almu jikan masuntan Yauri ne, amma shekara goma sha biyu yana zuwa su bai taɓa kawo ko kan kifi gida ba. Irin sun da ya koya ne wajen Turawan da suke tuƙin bas tare a unguwar Barking ta Landan: ka ɗaura wa ƙugiya gashin zakara, ka shiga teku har ƙugu kana wurga fatsa, in kifin trout ya kama ka cire shi a hankali ka mayar ruwa. Matarsa Shafa'atu kan ce da kakansa zai tashi ya gani, da ya sake mutuwa.

Da ciwo ya kwantar da ita aka sallamo ta daga asibiti zuwa gida, abinci ya ƙi shiga. Wata safiya ta ce, "Baban Ameera, farfesu nake sha'awa. Na kifin hannunka."

Washegari ya hau jirgin ƙasa zuwa gaɓar teku a Sussex. Awa biyar yana cikin ruwan sanyi, sai da ruwa ya fara janyewa sannan sandar fatsar ta lanƙwashe. Ya jawo kifin, ƙato, fari fat. Ya jiƙa hannu, ya zare ƙugiya, ya riƙe shi cikin ruwa har ya farfaɗo, ya buɗe tafinsa. Sai da wutsiyar ta ɓace ya tuna abin da ya kawo shi. Sabo turken wawa. Ya tsaya nan yana kuka kamar yaro, ya yi ta wurga fatsa har hannu ya gaji, ko taɓi bai ƙara ji ba.

A kasuwar Barking ya sayi na ƙanƙara, ya dafa da kansa. Cokali ɗaya Shafa'atu ta kurɓa ta ajiye.

"Wannan ya kwana a freezer. Ba ka kama ba?"

"Na kama."

"Ka sake shi."

Ya sunkuyar da kai. Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.

"Asabar zan koma, wallahi."

"Allah ya kai mu," in ji ta, ta ja bargo.

Ranar Alhamis aka yi mata sutura. Ran Asabar ya koma Sussex ɗin, ya kama wani kafin azahar, ya riƙe shi cikin ruwa yana kallo. Babu wanda zai kai wa.