Salatif a Fuskar Maryamu

Mista Martins ya wanke hannunsa a kicin, ya goge da tawul ɗin da ya zo da shi daga ofis, sannan ya zauna gaban littafin kamar likita gaban majinyaci. Edna na tsaye bakin ƙofar falo riƙe da kofin magani. Ba wanda ya ce ta tsaya, ba kuma wanda ya ce ta tafi.

Littafin bai fi tafin hannunta ba. Na addu'a ne. An ce da hannu aka rubuta shi a kan fatar maraƙi, can Faransa, wajen shekara ɗari biyar da suka wuce, don wata mata mai hali ta riƙa karantawa a ɗakinta safe da rana da maraice. Baba Bartholomew, tsohon da Edna ke jinya a gidansa na Springfield a Amurka, ya saye shi tun yana koyarwa a jami'a. Yanzu mantuwa ta cinye shi. Wata rana ko 'yarsa Sophia ba ya ganewa, amma bai taɓa manta inda littafin yake ba. Da ya karya kumallo sai ya buɗe, ya bi layukan Latin da yatsa, leɓensa na motsi.

Sophia ce ta kira Martins, masanin tsofaffin littattafai, daga wani ɗakin karatu na Washington, inda uban ya yi wasiyyar a kai littafin bayan ransa. Ita ce kuma ta tsaya wa Edna a kan takardun zama. Lauya ya faɗa wa Edna ba ɓoye-ɓoye: muddin aikin gidan nan ya ƙare kafin takardu su fito, to an koma farko. Ba takardu, ba zancen ɗauko 'yarta Abby, wadda ta bari a Jos tana firamare, ga ta yanzu tana shirin gama sakandare.

Martins na buɗe shafuka a hankali. Ga manomi na yankan alkama, ga wani na hura wuta a gefen murhu, ga tsuntsaye da furanni sun zagaye rubutu, ruwan zinariya na ƙyalli kamar jiya aka shafa. Ya nuna wa Sophia wani hoton giciye da ya koɗe a tsakiya.

"Wannan bakin mutane ne," in ji shi, yana murmushi. "Sumba ce ta cinye fentin. Irin wannan lalacewar muna murna da ita."

Ya buɗe na gaba. Murmushin ya ɗauke.

Shafin da mala'ika ya zo wa Maryamu da albishir ne. Salatif ya ratsa shi daga sama har ƙasa, ya bi ta kan fuskar Maryamu da shuɗin mayafinta. Gefensa ya fara yin rawaya.

Edna ta gane salatif ɗin nan take. Ita ta liƙa shi, tun lokacin zafi. Wata safiya hannun Baba ya yi rawa, shafin ya yage, tsoho ya fashe da kuka kamar yaron da aka ƙwace wa nono. Ta rarrashe shi ya ƙi. Sai ta buɗe durowar kicin ta ɗauko salatif, ta daidaita bakin yagar da kyau, ta liƙa gaba da baya, ta murje da farce. Haka ta yi wa Littafin Waƙoƙin mahaifiyarta a Kagoro, haka ta yi wa littattafan makarantar Abby, kuma duk sun yi ƙarko. Baba ya shafa wurin, ya daina kuka, ya ci gaba da addu'arsa. Ranar har daɗi ta ji. A garinsu wanda ya bar littafin Allah a yage shi ne abin zagi.

"Za a iya cirewa?" Sophia ta tambaya.

Martins ya daɗe yana duba shafin da gilashin ƙara girma. "Za mu gwada. Amma danƙon ya riga ya shiga fata. In aka ɗaga, fuskar za ta biyo shi." Ya rufe littafin. "Ba zan bar shi ya sake kwana a gidan nan ba, in kin yarda."

Gyaran gangar Auzinawa ke nan. Edna ta jira a juyo gare ta. Ba wanda ya ko kalle ta.

Sophia ta zauna a hannun kujera ta dafe goshi. Mace ce mai kirki, wadda gajiya ta tsofar da ita kafin lokaci. Ta dubi mahaifinta, wanda ke zaune bakin taga da bargo a cinya.

"Mutumin da bai taɓa barin mu taɓa littafin nan ba sai mun wanke hannu," in ji ta. "In har ya kai ga sa masa salatif, to babana ya tafi. Likita ya daɗe yana ce mini lokaci ya yi, ni ce nake ja. Akwai gado a gidan kula da tsofaffi na Fairfax. Zan kira su yau."

Gaba kura, baya sayaki. In Edna ta yi shiru, za a kai Baba gidan tsofaffi, aiki ya ƙare. In ta yi magana, wa zai ci gaba da riƙe mai aikin da ta ɓata kayan shekara ɗari biyar? Ta tsaya tana auna su, ta ga duk ɗaya ne a wurinta. A wurin Baba ne kaɗai akwai bambanci.

Ta ajiye kofin. "Sophia," in ji ta. Har yau kiran sunan uwar ɗaki gatsal yana mata nauyi a baki. "Ba shi ba ne. Ni ce. Ya yage yana kuka, na liƙa masa. Ban san abin da nake yi ba."

Sophia ta ɗago, idonta ya cika da hawaye. Ta taso ta riƙe hannayen Edna biyu.

"Kin gani? Abin da na ce wa mijina ke nan. Ranar da ya bar gas a kunne, kika ce ke ce. Ranar da ya fita titi da rigar barci, kika ce ke kika manta ƙofa."

"Waɗancan na rufa masa asiri, gaskiya ne. Amma wannan, wallahi ni ce."

"Edna, ya isa. Ba ki da irin wannan ganganci, na san ki."

Haka ƙaryar alheri ta jiya ta cinye gaskiyar yau. Edna ta sake buɗe baki, sai muryar tsohon ta katse ta. Ashe yana ji. Hankalinsa kan leƙo wani lokaci, kuma ba ya zaɓar lokacin da ya dace.

"Ni na ɓata shi?" ya tambaya.

Ya dubi akwatin da Martins ke sa littafin a ciki, ya dubi hannayensa.

"Ku yi haƙuri," in ji shi. "Ban tuna ba. Ku yi haƙuri."

Edna ta durƙusa gabansa. "Baba, ba kai ba ne. Ka ji? Ni ce." Ya shafa kanta kamar yadda ake yi wa yarinya mai hankali, idonsa ya riga ya koma taga.

Da rana Sophia ta gama wayarta. Ƙarshen wata za a kai shi. Ta yi alkawarin rubuta wa Edna shaida mai kyau, ta kuma ce za ta tambayi lauya ko akwai wata dabara. Su biyun sun san babu. Ta sallame ta da wuri, wai ta je ta huta.

A tashar jirgin ƙasa iska na kaɗawa, mutane kowa ya dunƙule cikin rigarsa. Tafiyar Hyattsville, inda take kwana, da nisa, sai an canja jirgi a tsakiyar gari. Edna na zaune a benci wayarta ta yi ƙara. Abby ce.

"Mama, ina wuni? Ya aiki? Ya Baba?"

"Lafiya lau. Kin ci abinci?"

"Na ci. Mama, yau mun je kasuwar Katako da Anti, na ga wata rigar sanyi a gwanjo, mai kauri, har da hula a jiki. Mai kayan ya ce irin ta Amurka ce. Na ce ya ajiye mini zuwa jibi. In saya?"

Jirgi ya shigo, ƙofofi suka buɗe. Edna ba ta tashi ba.

"Mama? Kina ji na?"

"Ina ji," in ji ta. "Ki ce masa kada ya ajiye. In ya samu mai saye, ya sayar."