Layin da Baba Direba Ya Ce In Goge

"Goge wannan," in ji Baba Direba. "Na ce goge, 'yar boko."

Maƙwabcinmu ne, katanga ce kawai tsakaninmu. Tun da motar kamfanin da yake ja ta kife, abokin aikinsa ya rasu, aka dakatar da shi, aka haɗa shi da wata mai ba da shawara a ofis. Ta ce kafin kowane zama ya rubuta abin da ke cin ransa, ban da gyara, ban da gogewa. Shi kuwa ya ɗauka jarrabawa ce, idan ya ci a mayar masa da makullin mota. Hannunsa rawa yake, don haka shi ke faɗa, ni ina rubutawa. Kullum labarin ɗaya ne: barci lafiya, abinci lafiya.

Ranar nan, ana gobe zaman ƙarshe, bakinsa ya suɓuce. Ya ce ƙirjinsa kamar an ɗora masa bulo, har hannun hagu. Ni kuwa na riga na rubuta.

"Baba, ai ta ce ba a gogewa."

"Ita ke ciyar da gidan nan? In ta ga wannan, ni da sitiyari har abada!"

Matarsa, Inna, tana wanki bakin famfo. Ni da ko a aji ba na iya ɗaga hannu, sai na ji muryata tana karanta layin da ƙarfi.

Inna ta saki rigar cikin bokiti.

"Tun yaushe, Malam?"

"Sharrin yarinya ne."

"Tun yaushe?"

Ya dube ni, irin kallon da bai taɓa yi mini ba. "Kin kayar da ni," ya ce.

Washegari asibiti aka kai shi maimakon ofis. Bai dawo ba. Inna ta ce har ranar da ya cika yana tambaya ko an ba wani motar.

Mai ba da shawarar ta zo gaisuwa. Na tsaya bayan ƙofa, na kasa tambayarta ko da ma akwai ci da faɗuwa.

Yau da safe motar ta wuce bakin layinmu, an gyara ta, wani ke ja. Inna na shara a ƙofar gida. Ta kewaye kujerar Baba Direba da tsintsiya, ba ta ɗaga ta ba.