Robobin Farin Magani

Ranar kasuwar Yawuri, tun jirgi bai gama tsayawa ba muryar Malam Sani mai lasifika take tarbar mutum: "Olsa! Gyambon ciki! Cokali biyu, sai godiya!" Nakan sayar da bandar kifin Inna, in bi ta gaban teburinsa in karɓo roba guda ta farin magani. Shekara uku ina wannan zirga-zirga, ni Uwani, da ƙafata.

Innarmu Hansatu sana'arta banda, a tungarmu ta masunta a ƙasar Ngaski. Da ciwon ya fara ta ce ƙwarnafi ne, ta sha jiƙon kanwa. Sannu a hankali tuwon shinkafa ya gagare ta, ta koma koko, zanenta ya fara zagaye ta sau biyu. Malam Sani bai taɓa ganin ko ƙeyarta ba, amma ya san ciwonta sarai, in ji shi. Ranar da na gaya masa tana yin baƙin amai, ko ɗagowa bai yi ba.

"Dauɗa ta ka hita, ɗiyata. Ƙara mata cokali guda."

Na ƙara. Wannan abu har gobe yana ci mini rai.

Inna ba ta iya zubar da komai ba. Duk robar da ta ƙare sai ta wanke ta tas, ta miƙa wa yayana Yakubu ya ɗaura a bakin tarunsa don kada ya nutse. "Ko ba komi sun yi amfani biyu," take cewa tana dariya.

*

Sai da ta faɗi a gaban murhun banda muka ɗauke ta zuwa Sakkwato. Aka zura mata na'ura ta baki, aka gutsuro tsoka, muka yi kwanaki a barandar asibiti muna jira.

Likitar mace ce, gajiya a fuskarta kamar tamu. Ta tambaye ni tun yaushe. Na ce shekara uku. Ta ajiye biro.

"Ciwon daji ne na ciki," in ji ta. Sai ta jawo kujera. Ta ce jikin mutum ƙananan ƙwayoyin halitta ne, kuma duk wadda ta lalace akwai umarni a cikinta na ta mutu ta ba sabuwa wuri. Akwai kuma wata ƙwayar cuta da kusan kowa ke ɗauke da ita tun yarinta, ba ta yi masa komai. A cikin wasu masu irin wannan ciwo takan laɓe a bangon tumbi, ta riƙa sakin 'yan mitsi-mitsin saƙonni masu toshe wancan umarni. Lalatattun sai su ƙi mutuwa, su yi ta hayayyafa.

Inna ta gyaɗa kai a hankali. "Kamar ciyawag ga da ta ruhe muna tabki. Ka sare ta, ta ƙi mutuwa."

"Kusan haka, Inna. Da kun nemi magani da wuri, da an yanke wurin."

"Mun nema da wuri, ɗiyata," Inna ta ce. "Kowace kasuwa."

*

Muka dawo da ita gida da 'yan ƙwayoyin rage raɗaɗi. Bayan sati biyu ta kama hannuna.

"Uwani, ki sawo man farin nan. Na san ba shi warkarwa. Sanyin nai nika so."

Na so in ƙi, amma me zan ba ta a madadinsa? Na shiga jirgi, na tsaya gaban teburin nan bayan wasu mata huɗu, kowacce da labarin cikin wani a bakinta.

"Ya mai jiki?" in ji Malam Sani. "Ai na gaya miki, sai an jure ma shan shi."

Na buɗe baki, na ji gajiya ta fi ƙarfin faɗa. Na karɓa na juyo.

Wannan robar ba ta kai rabi ba Inna ta rasu, kafin ruwa ya fara cikowa.

Washegarin sadakar bakwai Yakubu ya koma ruwa, don ciki ba ya zaman makoki. Na fito wanke tukwane na hango tarunsa a shimfiɗe. Fararen robobi sun jeru a saman tabki tun daga bakin gaɓa har inda idona ya gaza, wankakku tas, suna ta rausaya. Na zauna a kan yashi da tukunya a hannu, na daɗe ban tsoma ta ba.