Ranar da Aka Ce Celestina Ta Yi Shiru

"Ku ɗaga ƙafa, za ku fasa mini tukunya!" in ji Celestina, tana tura tukunyar kiɗa ƙarƙashin kujerar motar coci. Matan zumunta sun cika motar maƙil tun daga unguwar Moss Side ta Manchester, kowacce da ɗankwali iri ɗaya, ga kulolin shinkafa, ga caki a jaka. Duk wanda ya gan su zai rantse biki za su Birmingham. Alhali kallon rugby za su, wato ƙwallon zari-ruga, wasan da ko an tara su kaf babu wadda ta san ƙa'idarsa ɗaya.

Ita kanta Celestina ba ta sani ba. Abin da ta sani shi ne 'yarta Bethany ta yi shekaru tana dawowa gida da laka har cikin kunne, kuma yau hukumar rugby ta Nijeriya ta turo mutum ya duba 'yan matan Nijeriya da aka haifa a nan Ingila, ya zaɓi waɗanda za su sa rigar ƙasa. 'Yan Manchester za su kara da 'yan Birmingham a wani fili a unguwar Erdington ta Birmingham. Mai bugun ƙwallo guda ɗaya ake nema, Bethany kuwa bugu ne aikinta. Murna ta hana Celestina zama wuri ɗaya. Ita ce mai guɗar cocinsu, matar da in ta rangaɗa a wajen aure har Turawan layin sai sun leƙo ta taga, kuma ta yi alkawarin yau Birmingham za ta san ta zo.

A bakin filin suka tarar da wakilin hukumar, wani dattijo mai faɗin kafaɗa da kunnuwa a murɗe kamar soyayyen ƙosai. Baba Davou sunansa, mutumin Jos. Da ya ji suna Hausa sai fuskarsa ta washe.

"Sannunku da zuwa, iyayenmu! Wacce ce taku a ciki?"

"Ga ta can, Baba, mai lamba goma," in ji Celestina, tana nuni da hannu biyu. "Don Allah ka dube ta da kyau."

"Abin da ya kawo ni ke nan, Maman Bethany." Ya yi dariya. "Kin san lokacin da muka fara, Turawan kamfanoni ne ke wasan nan a gida, mu muna tsintar musu ƙwallo. Da muka shiga, ko takalmi ba mu da shi. Daga baya aka kafa hukuma, ita ke shirya gasa, ita ke koyar da alƙalai, ita ke cewa wane zai tsaya wa ƙasa. Yau ga shi har nan muka biyo 'ya'yanmu."

Celestina ta juya ta dubi 'yarta. Yarinyar da ba ta taɓa taka Nijeriya ba, wai ita ce za ta tsaya wa Nijeriya.

Aka hura usur. Matan suka yi ta salati da kiran sunan Yesu duk lokacin da aka kayar da wata, Mama Virtue, shugabar zumunta, tana tambaya ko ba za a kira 'yan sanda ba. Can wata 'yar Manchester ta ɓalle da gudu ta dangwala ƙwallo a bayan layi. Sai aka miƙa wa Bethany ƙwallon don bugun ƙarin maki. Ta dasa shi a ƙasa, ta ja da baya, ta dubi dogayen turaku biyun da za ta buga ta tsakaninsu.

Filin gaba ɗaya ya yi tsit. Turawa, baƙaƙe, yara, har masu goyon bayan Birmingham, kowa ya kama bakinsa.

Ran Celestina ya ɓaci. Wato a bar mata 'ya a tsakiyar fili ita kaɗai kamar marainiya, ba mai ko tafa mata? Ta dubi matanta ta ɗaga hannu. Tukunya ta amsa, caki ya ɗauka, ita kuma ta dafe hanci ta rangaɗa guɗar da ta tayar da tattabarun kan rufin ɗakin sauya kaya. Daidai lokacin Bethany ta taho da gudu. Ƙafarta ta goce, ƙwallon ya yi gefe can wajen shinge.

Mutane suka juyo suna kallonsu. Wata tsohuwar Baturiya ta ɗora yatsa a leɓe.

Da aka tafi hutun rabin lokaci Bethany ta iso bakin igiyar da aka kewaye filin da ita, idanunta jajur.

"Mum, please! Me kika yi mini haka?"

"Ƙarfafa ki na yi, 'yar nan. Kowa ya yi banza da ke."

"Ba banza ba ne, it's respect! In mutum zai yi bugu kowa shiru yake yi, ko abokin gaba ne. Haka ake yi a nan. Yanzu Shalom ta Birmingham ta ci nata, ni na zubar."

Ta juya ta tafi. Kunya ta rufe Celestina har ta rasa inda za ta sa fuskarta. Da bakinta ta zo ta kashe wa 'yarta kasuwa.

Aka dawo wasa. Da Bethany ta sake samun bugu, Celestina ta zauna daram a kan bakin tukunyar, ta ƙwace caki daga hannun Mama Virtue ta cusa a hammata, ta danna bakin ɗankwalinta tsakanin haƙora. Ba ta taɓa sanin shiru yana da nauyi haka ba. Tana jin bugun zuciyarta, tana jin motoci can kan babban titi. Ƙwallon ya tashi, ya juya a sama, ya ratsa tsakiyar turaku. Alƙalai suka ɗaga tuta. Sai da ta ga tsohuwar Baturiyar ta fara tafi sannan ta saki ɗankwalin, matan suka ɓarke da ihu kamar an buɗe famfo. Haka aka yi a bugun da ya biyo baya, shi ma ya shiga.

Da aka tashi, Baba Davou ya kira 'yan matan biyu, Bethany da Shalom, ya kuma yafito Celestina.

"Na kasa rabawa," ya ce. "Dukansu sun iya. Amma ku ji, shirun nan al'adar filayen nan ce, kyakkyawa ce kuwa. Sai dai inda za mu je wasa ba lallai a yi muku shi ba. Ganga za ku ji, da ƙaho, da zagi. Ina son wadda ƙafarta ba ta jin hayaniya." Ya juyo. "Maman Bethany, abin nan da kuka yi ɗazu, za ku iya maimaitawa?"

"Baba, yanzu aka gama yi mini faɗa a kansa!"

"Ni kuma roƙonki nake. Ku tsaya bayan turaku, ku ba su duk abin da kuke da shi. Kada ki rage wa kowa."

Matan suka ruga bayan turaku suna dariya, zannuwa na kaɗawa. Shalom ce ta fara. Suka saki kiɗa da guɗa, yarinyar ta daure ta buga, ƙwallon ya daki turke ya dawo. Celestina ta ji tausayinta, ta kuma ji wani abu mai kama da daɗi, ta yi saurin neman gafarar Ubangiji.

Sai Bethany ta dasa nata ƙwallon.

Mama Virtue ta raɗa mata, "'Yar'uwa, mu ɗan sassauta mana. Tamu ce fa."

Celestina ta dubi Shalom da ke tsaye tana share gumi, ta dubi uwar Shalom can gefe da hannu a ƙirji. Sannan ta dubi 'yarta. In ta sassauta yau, wa zai sassauta wa Bethany a can?

"Ku ƙara wuta!" ta ce.

Tukunya ta yi kamar za ta tsage. Celestina ta cika ƙirji ta saki guɗar da ba ta taɓa yin irinta ba, ko a ranar aurenta ba a yi mata haka ba, ta ja ta, ta ja ta, hawaye na zuba, tana yi wa 'yar cikinta ihu a fuska iya ƙarfinta. Bethany ta ɗago kai ta kalle ta. Sai ta yi ɗan murmushi, ta sunkuyar da kai, ta taho.

Ƙwallon ya wuce ta saman kawunansu, tsakiyar turaku, ya faɗa cikin kular shinkafa.

Baba Davou ya dafa kafaɗar Shalom ya yi mata magana a hankali, sannan ya miƙa wa Bethany hannu. Yarinyar ta kwasa da gudu ta faɗa jikin uwarta da laka da komai.

"Mum! Ya ce ni ce! Zan je gida, zan sa green and white!"

Matan zumunta suka kewaye su, suka buɗe fili, kowa ta zuba wa Celestina ido tana jira. Ta gyara tsayuwa, ta dafe hanci, ta buɗe baki. Ba abin da ya fito sai iska. Ta sake gwadawa, muryar ta tafi.

"Mum? Ki yi mana."

Celestina ta girgiza kai tana nuna maƙogwaro. Ta jawo 'yarta ta rungume, ta sa bakin ɗankwali tana goge mata lakar da ke kunne.