Dariyar Inna a Hoto

Daren jiya na yi wani mafarki da har yanzu bai sake ni ba.

Na tsinci kaina a wani gari inda ruwa ke tsattsafowa daga ƙasa yana hawa sama, ban kuma yi mamaki ba. Kyamara na hannuna na dama, fitilar hoto na hagu, irin wadda ake cirewa daga jikin kyamara a riƙe a gefe. Ko a farke sana'ata ke nan. In rufe ɗaki ya yi duhu, in bar idon kyamara a buɗe, fitila ta yi walƙiya sau ɗaya, sai abin da ya fi ƙiftawar ido sauri ya tsaya cak. Na kama ɗigon nono yana fashewa, na kama fiffiken ƙuda. Dariyar mahaifiyata ce kaɗai ta gagare ni har ta rasu, don da ta hango kyamara sai ta ja mayafi.

Sai ga ni a wani ofis, wani bunsuru mai tabarau yana tauna takardata.

"Malam Tanimu, walƙiya ɗaya aka rubuta maka," in ji shi. "Tsohuwarka na tsakar gida. Da la'asar ruwa zai tafi da ita."

"Ranka ya daɗe, ai rana ta yi yawa. Aikin nan sai da duhu."

Ya jawo aljihun tebur, ya miƙo mini duhu a ninke kamar zanin gado. "Kada ka dawo mana da shi da datti."

Sai ga ni a gidanmu. Na shanya duhun a kan igiya, tsakar gida ta yi baƙi ƙirin, amma ina ganin Inna zaune kan tabarma tana tsintar wake. Na kunna fitila. Batirin ya yi sanyi, fitilar ta shiga kuka siriri irin na sauro, ƙaramin jan idon da ke nuna ta cika ya ƙi kamawa.

"Tanimu, ajiye tarkacen nan ka zo ka zauna."

"Minti ɗaya, Inna."

"Kullum minti ɗayanka ba ya ƙarewa."

Ruwa ya ƙaru. Tabarmar ta ɗaga, ta kai gwiwata, ta kai ƙirjina, wake na tashi ɗaya bayan ɗaya. Ni kuwa ina tsaye hannu a ware, ina roƙon batir. Inna ta dube ni ta fashe da dariya, irin wadda na yi shekara ashirin ina farauta.

Ta miƙo hannu. "To riƙe ni mana, ɗan nan."

Hannu biyu gare ni, kowanne da kayansa. In na saki fitila babu haske, in na saki kyamara babu hoto. A daidai lokacin jan idon ya kama.

Na danna.

Hoto ya yi kyau, wallahi ban taɓa ɗaukar irinsa ba. Kowane ɗigon ruwa ya tsaya a inda yake. Sai dai hannun da ta miƙo ya rufe fuskar gaba ɗaya. Tafinta ne kawai a buɗe, da tsohon lalle, ana ganin kowane layi. Na ɗaga kai, babu tabarma, babu Inna.

Famfon banɗaki ne ya tashe ni, yana ɗiga cikin bokiti. Na duba hannayena, duka biyun a dunƙule suke, babu komai a ciki.