Kaka a Aji Uku

A ƙauyen nan, in aikin gari ya taso, gyaran hanya ne ko yasar rijiya, kowane gida mutum ɗaya yake bayarwa, kuma ba a tambayar ko wane ne. In maigida ba shi da lafiya ƙanensa ya je, in babu ƙane matarsa ta ɗauki kwando ta je, muddin dai ba a ga gurbin gidan babu kowa ba. Da wannan Kaka ta tashi, da shi ta tsufa, don haka kada wanda ya yi saurin yi mata dariya.

Jika ɗaya gare ta a hannu, yarinyar da kowa ke kira Aku saboda bakinta ba ya hutawa. Iyayen sun rasu sun bar mata ita, da 'yar gona a bayan gari. Abin da ya rufa musu asiri shi ne tallafin da gwamnati ke ba gidajen da 'ya'yansu ke zuwa makaranta. Bai taka kara ya karya ba, amma yana sayen sabulu da fensir da awon da zai kai su girbi. Sharaɗi ɗaya aka faɗa ranar da aka tara iyaye a gindin bishiyar makaranta: yaron da aka riƙa ganin wurinsa babu kowa, za a yanke wa gidansu. Ga kuma kawun Aku can birni, ya daɗe yana naci a ba shi ita ta taya matarsa tsaron shago. Kaka ta san ranar da tallafin ya tsaya, ba ta da bakin hana shi.

Ana tsakiyar damina Aku ta zame a kan duwatsun rafi tana hanyar makaranta, ƙafa ta karye. Mai ɗori ya ɗaure ya ce kada ta kuskura ta taka sai ya ba da izini. Yarinyar ta yi kukan ciwo ta gama, ta koma kukan makaranta. Da gari ya waye Kaka ta jingine fartanya, ta rataya jakar jikarta, ta tattare zane ta tsallake rafin.

Malam yaro ne sabon zuwa, shi kaɗai ke fama da 'yan aji uku a wani ɗaki mai yoyo. Yana juyowa daga allo ya ga tsohuwa a ƙarshen benci na biyu, gwiwoyinta sun kusa taɓa haɓarta, yara sun toshe baki suna shaƙewa da dariya. Ya gaishe ta da ladabi, ya tambaya ko lafiya. Ta ce lafiya lau, Aku ce ta karye, ita ce ta zo a madadinta.

"Kaka, ai ba haka ake yi ba," in ji shi. "Ba zan iya rubuta ta zo ba alhali tana gida."

"Ni ban ce ka yi ƙarya ba, ɗan nan. Ido dai ya ga wurin da mutum."

Gaskiyar magana shi ma bai san abin da doka ta ce kan mara lafiya ba, don takardun ofis ba su cika isowa nan ba, in ma sun iso ruwa ya riga shi karantawa. Kuma wane mai kunya ne zai kori sa'ar kakarsa daga aji? Ya ƙyale ta.

Tun tana zaman gadin benci har zaman ya ishe ta, ta ciro littafin Aku ta fara kwaikwayon abin da ke allo. Ba ta san ko harafi ɗaya ba. Zana su take yi yadda ta gan su, tana cije leɓe, fensirin na rawa a hannun da ya saba da ƙota. Da yamma ta zube a tabarma ta miƙa wa Aku, ita kuwa ta ƙyalƙyale da dariya ta ce wannan biyar ɗin ta juya wa mutane baya, wancan kuma kamar ƙadangare ya faɗa tawada. Kaka ta ce to ƙawata, ke da kika iya ai ga ki kwance. Sai yarinyar ta gyara, ta yi aikin, gobe Kaka ta mayar wa Malam ya duba. Gonar kuwa ciyawa ta samu sake. Duk safiya Kaka na wucewa ta gefenta, sai ta kau da kai.

Ranar da jami'ar tallafi ta zo, a bayan babur aka kawo ta, taɓo har gwiwa, ranta a ɓace tun kafin ta sauka. Ta shiga aji tana bin benci ɗaya bayan ɗaya, har ta iso kan furfura. Ta dubi Malam, Malam ya dubi ƙasa. Kaka ce ta miƙe da ƙyar, tana dafa bango, ta yi bayani tiryan-tiryan kamar mai ba da shaida: wurin gidansu bai taɓa zama babu kowa ba, yaran nan duk shaida ne.

"Kaka, ba benci gwamnati ke biya ba," in ji jami'ar. "Yarinyar ake so ta yi karatu."

"To ai tana yi. Zo mu je ki gani."

Matar ta dubi takalmanta da suka riga suka lalace, ta bi ta. Suka tsallake rafin, suka wuce gonar da ba a bambance dawa da ciyawa, suka tarar da Aku a ƙofar ɗaki, ƙafa a miƙe cikin kararen ɗori. Ba sai an roƙe ta ba, ta buɗe littafi ta hau karatu, tana yi tana nuna kurakuran kakarta, har sai da aka ce ya isa. Jami'ar ta daɗe tana juya shafukan, rubutu mai rawa a sama, ƙaramin rubutu mai kyau a ƙasansa. Sannan ta ce tallafinsu na nan, ba mai taɓa shi. Ta ƙara da cewa, a hankali, da yake ta ga gonar da idonta, rashin lafiya ba ya sa a yanke wa kowa. Da an aika wa Malam da baki kawai, ya wadatar.

Kaka ta yi godiya, ta raka baƙuwa har bakin rafi. A hanyar dawowa ta tsaya a gonarta. Murna na nan, kawu ba zai ɗauki kowa ba. Amma amfanin bana rabinsa ya tafi, kuma ashe ba dole. Ta share ido da bakin zane, ta ce wa kanta gobe sai gona.

Washegari da sassafe ta ɗauki fartanya. Har ta kai ƙofa Aku ta ɗago daga tabarma, ƙafar na nan a ɗaure.

"Kaka, ba kin ce yau Malam zai fara lissafin rabawa ba?"

Tsohuwar ta dubi fartanyar, ta dubi yarinyar. Ta yi tsaki, ta ce wannan baki naki shi zai kashe ni. Sannan ta jingine fartanyar a inda take, ta ce a miƙo mata jakar, kuma a fiƙe fensirin don jiya da ƙyar ya yi rubutu.